Azumin Karfasa

A Yawuri, bakin kogin Kwara, akwai wani malamin makarantar firamare wanda Allah Ya jarrabe shi da son kifi. Ba son ci ba, gama wannan kowa yana da shi a garin da Sarkawa ke shigowa da jiragensu cike kowace safiya. Shi son kallo ya ke yi. Ya yi shekaru yana koya wa yara cewa kifi ƙwai ya ke yi, yana zana musu a jikin allo, amma shi kansa bai taɓa ganin yadda abin ke gudana ba. Wannan ya riƙa damunsa, domin ya san gani ya kori ji.

Ana nan, sai ya tara 'yan kuɗinsa, ya sa mai yankan gilashi ya haɗa masa akwati, tsawonsa ƙafa 4, yana cin ruwa wajen lita 200, watau kamar garwa 11 ke nan. Ya girke shi bisa wani ƙaƙƙarfan benci a inuwar ɗakinsa, inda rana ba ta bugunsa. Ya wanke yashin kogi ya shimfiɗa a ciki, ya kifa fasassun tukwane uku domin kifin su sami mafaka, sa'an nan ya sayo wani ɗan inji mai aiki da batir, wanda ke hura iska cikin ruwa ta cikin soso. Soson nan kuwa ba tace ƙazanta kaɗai ne aikinsa ba. Kashin kifi da ragowar abinci su kan zama guba a ruwan da ba ya gudu. To, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke zama cikin soso suna karya gubar, kuma sai sun yi makonni kafin su yawaita. Saboda haka ne ba a cika sabon akwati da kifi rana ɗaya.

Da ya gama shiri sai ya tafi bakin ruwa wurin wani tsohon masunci, ya gaishe shi, ya ce, “Baba, kifi na ke so mai rai, wanda zai haihu a gida.” Tsohon ya dube shi, ya yi murmushi, ya zaɓo masa karfasa huɗu, wadda waɗansu ke kira gargaza, kowace ba ta wuce tafin hannu ba. Ya ce, “Malam, ga namiji ɗaya da mata uku. Kada ka yarda ka ƙara namiji, don a wuri ƙanƙane ɗaya zai kashe ɗaya. Matan kuwa kada su kasa uku. In guda ce, zai yi ta korarta har ta galabaita.”

A gida kowa da abin da ya ce. Yara suka yi ta murna. Uwargida ta ce, “Malam, yau kuma kifin da za a sa a miya shi a ke ciyarwa?” Mahaifiyarsa kaɗai ba ta ce kome ba. Tsohuwa ce da ya ɗauko daga ƙauyensu can arewa, inda ba kogi sai rijiya, ya kawo ta ta zauna tare da shi. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuwa yawan magana da shi. Amma tun daga ran nan, in an yi la'asar sai ta jawo tabarmarta kusa da akwatin, ta zauna da tasbaha a hannu tana kallo.

Hunturu ya zo ya wuce, ba abin da ya faru, gama karfasa ba ta haihuwa in ruwa ya yi sanyi. Da bazara ta kama, ruwa ya ɗumama, sai namijin ya sake kama. Jikinsa ya yi jaja-jaja, ya zaɓi kusurwa guda, ya riƙa ɗibar yashi da baki yana zubarwa gefe, har ya haƙa rami kamar akushi. Duk wadda ta matso sai ya buɗe fukafukansa ya tare ta. Malamin ya ga wannan, ya san akwai magana, amma aiki ya kan raba shi da gida tun da sassafe, bai ga abin da ya biyo baya ba.

Ran nan ya komo daga makaranta ya watsa musu abinci. Uku suka taso suka ci, ɗaya ta maƙale cikin fasasshiyar tukunya ta ƙi fitowa. Ya duba da kyau, sai ya ga ƙarƙashin haɓarta ya kumbura, bakinta a rufe, tana motsa shi kamar mai tauna. Kashegari haka, wanshekare ma haka. Hankalinsa ya tashi, ya ce lalle ciwo ne ya kama ta a maƙogwaro, in bai raba ta da sauran ba duk za su ɗauka. Ya kawo daro, ya jiƙa ɗan gishiri, ya ɗauko 'yar komarsa.

Tsohuwa na zaune. Ba ta dube shi ba, ta ce, “Da an bar ta. Kwanci ta ke yi.”

Ya ce, “Inna, ai kifi ba kaza ba ne. Ina ƙwan da ta ke kwanci a kai?”

Ta yi shiru, ta ci gaba da jan tasbaharta. Shi kuwa a ransa ya ce, wadda ta girma inda ba a san kifi ba sai busasshe, me ta sani game da karfasa? Ya zura koma ya yi ta bin ta, ta gudu nan ta gudu can, har ya kama ta. Ɗagowar da zai yi sai ta buɗe baki, ƙwai suka zubo, rawaya-rawaya, kowane kamar ƙwayar gero, sun fi ɗari biyu. Waɗanda suka faɗa cikin akwatin, kafin ya ankara sauran kifin sun tsince su. Ya mai da ita da sauri ko za ta kwashe ragowar, ta ƙi ko duban su. Ya tattara abin da ya samu a faranti, ya zuba ruwa ya ajiye. Kwana biyu suka yi fari, fumfuna ta rufe su, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Da kunya ta ɗan sake shi, ya tambayi tsohuwar yadda aka yi ta sani. Ta ce, “Dabbar da ta ƙi abinci, ta tsare wuri ɗaya, idonta na kan kowa, ba ciwo ke damunta ba. Mai ciwo ba ya tsaro.”

Ya koma wurin masuncin ya ba shi labari. Tsohon ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, “Haba Malam, ai da ka tambaya! Yaron da bai iya tuƙin jirgi ba ma ya san wannan. Sau nawa mu kan jawo taru, karfasa ta amayar da 'ya'yanta a cikin jirgi?” Daga nan malamin ya sa kansa neman sani, ya aro littattafai, ya yi ta karatu da dare.

Abin da ya tarar shi ne, karfasa 'yar wani babban dangi ce wanda masana ke kira sikilid, kuma riƙon ƙwai a baki al'ada ce da ta yawaita a cikinsu. Mace ta kan shiga ramin da namiji ya haƙa, ta zuba ƙwai kaɗan, shi kuma ya bi ya zuba musu nasa ruwan, wanda in babu shi ba za su ƙyanƙyashe ba. Nan take sai ta juyo ta kwashe su da baki, ta sāke zuba waɗansu, har ta gama. Ƙarama ta kan yi ɗaruruwa, babba ta kan haura dubu. Motsin bakin nan da ya zaci tauna ce, juya ƙwan ta ke yi, tana ratsa su da sabon ruwa domin su sami iska, kada kuma fumfuna ta kama su. Abin da faranti ya kāsa yi ke nan. In zafin ruwa ya kai awo 27 ko 28 a ma'aunin Salsiyos, ƙwan su kan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 5. Amma ko sun ƙyanƙyashe ba ta sakinsu, don kowane yana ɗauke da gwaiduwa a cikinsa, ita ce guzurinsa, nauyinta kuwa ba ya barinsa ya yi iyo. Sai sun shanye ta, wajen kwana 10 zuwa 14 ke nan tun daga farko. Duk tsawon wannan lokaci, bakin da za ta ci abinci da shi shi ne ɗakin 'ya'yanta.

Ya karanta kuma cewa ba duk dangin ne uwa ke wannan ɗawainiya ba. Wata Baturiyar Ingila, Ethelwynn Trewavas, wadda ta ƙare rayuwarta kan binciken kifayen Afirka, ta fitar da babban littafi a 1983 inda ta rarrabe su. Irin tasa karfasar, uwa ce ke riƙo. Akwai wata da ke zaune a ruwan gishiri-gishiri na bakin teku, kamar na wajen Ikko, wadda uba ne ke ɗauka. Akwai kuma wadda uwa da uba duk su kan ɗauka.

Amma inda dangin nan ya fi yawa da ban mamaki shi ne manyan tafkunan gabashin Afirka. Tafkin Malawi, wanda dā a ke kira Nyasa, yana da irinsu fiye da 500, kusan duka uwa ke riƙon ƙwai a baki. Ƙanana ne masu launi, shuɗi da rawaya da ruwan lemo, su ne mutanen Turai da Amurka ke saye da tsada suna ajiyewa cikin akwatunan gilashi a ɗakunansu. Nasu ƙwan ba su da yawa, sau da yawa ba su wuce 10 zuwa 30, amma manya ne, uwar kuwa ta kan kai mako uku tana riƙe da su. Mazan da yawa suna da ɗige-ɗige rawaya a fiffiken da ke kusa da wutsiya, kamar an zana ƙwai. Wani masani Bajamushe, Wolfgang Wickler, ya yi bayani a 1962 cewa mace ta kan kai wa ɗigon baki tana zaton ƙwanta ne ya rage, a nan ne namiji ke sakin ruwansa ya shiga ya sami ƙwan da ke bakinta.

Labarin da ya fi tsaya masa a rai kuwa na Tafkin Tanganyika ne. A can akwai wani irin kurungu wanda ba ya wahalar renon nasa. Sa'ad da uwa ke cikin zuba ƙwai tana kwashewa, sai kurungun ya kutso ya zuba nasa a ciki, ita kuwa cikin gaggawa ta kwashe duka. Na kurungu su kan riga ƙyanƙyashewa, su cinye nata 'ya'yan a cikin bakinta, ta ƙare azuminta a kan 'ya'yan wani. Wani masani ɗan Japan, Tetsu Sato, shi ya bayyana wannan a 1986. Da malamin ya karanta wa tsohuwa labarin sai ta ce, “Ladanta na nan. Ita dai ta riƙe amana.”

Bayan mako biyar ko shida, ran wata Asabar da hantsi, Allah Ya nufe shi da ganin abin da idonsa. Wannan macen dai da ya ɓata wa na farko ita ce ta shiga ramin, suka yi ta kewaya juna da namijin, ta zuba ta kwashe, ta zuba ta kwashe, har haɓarta ta cika. Wannan karon bai taɓa koma ba. Ya sami wani yankin raga mai ƙananan idanu, ya zura shi a hankali ya raba akwatin biyu, ita kaɗai a gefe guda da tukunyarta, don namijin ya riga ya fara korarta. Ya rufe gefen da tsohon zane, ya hana yara buga gilashi. Ya daina zuba abinci a wajenta, don kada ya ruɓe ya ɓata ruwa. In zai sāke ruwa, sai ya zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da siririn tiyo, ya mai da wanda ya kwana a buɗaɗɗen daro, gama maganin da a ke zuba wa ruwan famfo yana kashe kifi in bai fice ba. Ya lura dai duk aikinsa bai wuce ya gyara mata wuri ya ja da baya ba.

Ya san akwai wata hanya. Masu gonar kifi su kan kama uwar, su buɗe bakinta cikin ruwa su zazzage ƙwan, su zuba a tulun gilashi wanda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasansa yana juya su kamar yadda bakin uwa ke yi. Ta haka uwar ta kan koma cin abinci da wuri, ta sāke haihuwa da wuri. Wannan dabara ce mai kyau ga wanda ke neman dubbai domin sana'a, ya kuwa iya. Shi bai iya ba, kuma ba dubbai ya ke nema ba.

Kwana ya yi ta tafiya. Uwar ta rame, cikinta ya shafe, kanta ya yi kamar ya fi jikinta girma. Wajen kwana na 7, in haske ya faɗo daidai, a kan hango waɗansu baƙaƙen ɗige-ɗige ta fatar haɓarta, idanun 'ya'yan ke nan. Ran kwana na 10 da dare, yara sun yi barci, malamin na zaune da fitila yana dubanta, tsohuwa na gefe bisa tabarma. Ya ce, “Yau kwana 10 ko ƙwaya ba ta sa a ciki ba. Jiya abinci ya ratsa raga ya faɗo gabanta, ta matso ta dube shi, ta juya.”

Tsohuwa ta ce, “In ta buɗe baki, wa zai riƙe mata su?”

Maganar nan ta komar da shi shekarar 1984, sa'ad da fari ya cinye amfanin gona a ƙauyensu. Yana da shekara tara a lokacin. Mahaifinsa ya tafi cin rani kudu, ya bar ta da yara huɗu da abin da bai kai rabin rumbu ba. Ya tuna kullum da rana in ta dama musu kunu ta raba, sai ta ce ita azumi ta ke yi. Da dare kuma in an ce ina nata, sai ta ce ta ci a madafa. Ya tuna har alfahari ya kan yi cikin yara, yana cewa ba wadda ta kai innarsa ibada. Shekara arba'in bai taɓa zama ya lissafa kwanakin azumin nan ba, sai a daren nan.

Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce, “Inna, azumin nan da kika riƙa yi a shekarar fari, na mene ne?”

Ta ce, “Ramuwa ce.”

Ya ce, “Ramuwa tun daga kaka har faɗuwar damina?”

Ta naɗe tasbaharta, ta dafa bango ta miƙe, ta ce, “Dare ya yi. A duba injin nan kada ya tsaya.” Ta shige ɗakinta.

Ran kwana na 12 da safe uwar ta fito daga tukunya, ta ja da baya kaɗan, ta buɗe baki. 'Ya'ya suka fito kamar hayaƙi, kowane bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, suka taru bisa kanta. Autan gidan ya manta da doka, ya ruga da gudu yana kiran, “Kaka, Kaka, zo ki gani!” Inuwarsa na faɗawa kan gilashi sai uwar ta sunkuyar da kai, 'ya'yan suka yi dafifi a bakinta, kafin a ce me sun shige. Yaron ya fashe da kuka, wai ta cinye su. Kakarsa ta ce, “Kai maigidan banza, zauna ka yi shiru ka gani.” Jim kaɗan ta sāke sakinsu.

Haka ta yi ta yi kwana huɗu ko biyar, da rana ta sake su, da dare ko in ta ga abin tsoro ta kwashe. Daga nan sai suka yi mata girma, in sun zo bakinta ta kau da kai. Malamin ya san yaye ya yi, in ya bar ta da su kuma yunwa na iya sa ta ci waɗansu. Ya cire ta ya sa a babban daro ita kaɗai, ya yi mako guda yana ba ta abinci sosai har ta murmure, kāna ya mai da ita wurin sauran.

Renon 'ya'yan kuwa ya koma wuyansa, a nan ne ya san abin da ta ɗauke masa. Ya kan dafa ƙwan kaza ya murtsuke ɗan gwaiduwa cikin ruwa, ko ya niƙa abincin kifi ya tankaɗe, ya ba su kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini. In ya zuba da yawa ruwa ya ɓaci, in ya rage su rame. Kowane kwana biyu sai ya zuƙe ƙazantar ƙasa, yana duba tiyon kada ya haɗa da ɗa. Bayan mako uku ya ga waɗansu sun ninka 'yan'uwansu girma har suna haɗiye ƙananan, dole ya rarraba su. Cikin wajen 150 da suka fito, 90 da ɗoriya suka kai tsawon yatsa. Ya bar shida, sauran ya kai wa wani maƙwabci mai kududdufin kiwo, gama karfasa in ta cunkushe wuri ɗaya sai ta yi ta haihuwa ba ta girma.

Akwatin yana nan inda ya ke, yaran makaranta su kan zo aji-aji su kalla. In sun ga wata ta maƙale cikin tukunya da kumburarriyar haɓa, su ce, “Malam, wannan ba ta da lafiya,” sai ya ce su zauna su duba da kyau tukuna, kada kowa ya taɓa. Maganar shekarar fari kuwa bai sāke tayar da ita ba, tsohuwa ma ba ta sāke ba. Sai dai mutanen gidan sun lura da wani abu guda. Dā yara a ke aika wa da akushinta. Yanzu shi da kansa ya ke ɗauka ya kai, ya zauna a bakin ƙofa yana ba ta labarin kifi, ba ya tashi sai ya ga ta cinye.

Allah Ya saka wa iyaye da alheri, Ya ba 'ya'ya ikon ganewa tun suna tare da su, amin.